Na'urar Geiger ta jika 35: me take ji a Damagaram, kuma wa ya kamata ya saya

Na'urar Geiger, wato mai ƙirga tururin nukiliya (ƙwayoyi da hasken da ido ba ya gani, irin waɗanda yuraniyom ke fitarwa), guda biyu na saya, iri ɗaya, jika 35 kowace har da kuɗin kawowa. Wani ɗan kasuwa na Zango da ke yi wa mutane odar kaya daga Sin ta hanyar Kano ne ya kawo mini su. Ni malamin fizik ne a wani lise a nan Damagaram, kuma daga aljihuna kuɗin suka fito, don a ɓangaren nukiliya labo ɗinmu ba shi da komai sai alli da allo. Na yi aiki da su tsawon shekarar karatu, a aji da waje, ga kuma hukuncina tun da fari: idan kai malami ne, ka saya, amma ka sayi biyu. Idan tsoro ne ke tura ka, ka riƙe kuɗinka, domin abin da kake tsoro ba shi take aunawa ba.

Kayan cikinta ba su da yawa. Idan ka kwance sukurorin baya za ka ga siririn bututun gilashi, tsawonsa wajen santimita 10, da 'yar waya miƙe a tsakiyarsa. An zuba masa iskar gas kaɗan, an ɗora masa wuta wajen bolt 400. Duk ƙwayar da ta ratsa shi da ƙarfin da zai fizge elektaron daga jikin zarra, sai wuta ta yi tsalle a ciki, na'urar ta ce ƙas, lamba ta ƙaru da ɗaya a allo. Hans Geiger da ɗalibinsa Walther Müller suka ƙera irin wannan bututu a Jamus a 1928, kuma har yau asalin aikin bai sauya ba. Allo da batirin caji ne kawai na zamani.

A kan teburina, ɗaki a rufe, ba komai kusa da ita, tana bugawa tsakanin 15 da 25 a minti. Ba ta da tsari: ta buga uku a jere, ta yi shiru, ta buga ɗaya. Ranar da na fara ajiye ta gaban 'yan tarminal, wata yarinya a layin gaba ta ce, "Mushe, me take ji, alhali ba wanda ya taɓa ta?" Darasin wata guda muka yi a kan wannan tambayar.

Wani kaso na tururin da take ji daga ƙasa yake fitowa. Bango, tubali, yashi, har jikin mutum, duk akwai ɗan burbushin yuraniyom da toriyom da fotashiyom-40 a ciki, tun halittar duniya. Mun ɗauke ta zuwa manyan duwatsun nan na Birni, muka kwantar da ita a kan dutse, sai bugun ya haura 30, domin irin wannan dutsen ya fi yashi riƙe yuraniyom da toriyom. A jikin buhun takin zamani ma ta ɗan ƙaru, saboda fotashiyom ɗin da ke ciki. A jikin salula kuwa, ana kira ko ba a kira, ko gezau. Ɗayan kason daga sama yake zubowa, shi ne abin da littafi ke kira hasken kosmik. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a matsakaici mutum yana samun milisibat 2.4 (ma'aunin tururin da jiki ya sha) a shekara daga tururin da ke cikin halitta, kuma wajen 0.4 daga ciki na sama ne.

A nan gazawar na'ura guda take. Ƙas ɗin da ya fito daga bango da wanda ya zo daga sararin samaniya sautinsu ɗaya, lambarsu ɗaya. Mai kaya zai ce maka tana kama hasken kosmik, kuma ba ƙarya ya yi ba, amma ba za ta nuna maka wanne ne wanne ba. Shi ya sa na ce biyu.

Duka biyun suna da ramin sa abin kunne, kuma duk bugun da suka yi yana fita ta nan. Na kai su wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Kasuwar Dole, na zana masa abin da nake so a takarda: fitila ja guda ɗaya da ba za ta kama ba sai su biyun sun buga a lokaci guda. Ya daɗe yana kallon zanen, ya ce, "Malam, wace tasha za ka kama da wannan?" Na ce, "Baba, abin da ke faɗowa daga taurari." Ya ce to, in dawo bayan la'asar. Da tsofaffin taranzisto na wata matacciyar rediyo ya haɗa, ya sa a cikin kwalin sabulu na roba, ya karɓi jika 3. Har yau aikinsa bai ba ni matsala ba ko sau ɗaya.

Ga abin da ake gani. Idan ka ɗora ɗaya a kan ɗaya, bututu saitin bututu, kowace tana ta ƙas-ƙas ɗinta, fitilar kuwa tana kamawa wajen sau ɗaya a minti, wani lokaci ta yi minti biyu ko uku shiru. Idan ka jera su gefe da gefe a kan tebur, tazararsu ɗaya da ta ɗazu, sai ka zauna minti goma ko fiye kafin ta ƙifta. Tururin bango ba ya cika tayar da bututu biyu a lokaci guda. Abin da ke kunna fitilar ƙwaya ce guda da ta huda na sama ta huda na ƙasa a tafiya ɗaya, kuma tunda sai an ɗora su take yawaita, daga sama take zuwa. Yaran suka ɗora bulo biyu da faifan ƙarfe a kansu, lissafin bai sauya ba. Muka gwada a ajin kwano, muka gwada a ƙarƙashin rufin siminti, duk ɗaya. Wani yaro da bai cika magana ba ya shimfiɗa tafin hannunsa a kai yana jira, da fitilar ta kama sai ya janye hannun yana dubawa. Na gaya masa wajen guda ɗaya ke ratsa tafin hannunsa kowace daƙiƙa, tun ranar da aka haife shi.

Wannan gwajin ba nawa ba ne. Walther Bothe da Werner Kolhörster suka yi shi a Balin a 1929, suka sa dunƙulen zinariya mai kaurin santimita 4 tsakanin bututun biyu, yawancin ƙwayoyin suka ratsa ta. Shekara guda bayan haka Bruno Rossi a Italiya ya ƙera da'irar wutar da ke yin aikin da kwalin sabulunmu ke yi. Abin da ya ci wa manyan masana zinariya, yau yaro a Damagaram zai gani da idonsa a kan jika 73, kuma wannan kaɗai ya biya ni kuɗina.

Kafin su, tambayar ita ce ko daga sama abin yake ma. Masana sun lura iska tana ɗauke da ɗan caji ko'ina, suka ɗauka duwatsu ne sanadi. Wani ɗan Ostiriya, Victor Hess, ya ce idan haka ne, duk wanda ya yi nisa da ƙasa zai ga abin ya ragu. Ya shiga kwandon balan-balan da na'urorinsa, ranar 7 ga Agusta 1912 ya kai sama da mita 5,000. Da farko ya ragu kaɗan, daga nan sai ya dinga ƙaruwa yana ƙaruwa. A watan Afrilu na shekarar ya riga ya tashi lokacin husufin rana bai ga ya ragu ba, sai ya yanke cewa ba rana ce babbar mafarinsa ba. An ba shi kyautar Nobel a 1936. Wani abokin aikina da ya tafi Umra ya ari ɗaya daga cikin nawa, ya kunna ta a jirgi bayan ya kashe sautin; hoton allon da ya turo mini ya nuna bugun ya ninka na teburina fiye da sau goma. Gwajin Hess ke nan, a kujerar fasinja.

To me ke zuwa? Ba haske ba ne, ƙwayoyi ne masu caji da ke gudu dab da gudun haske. Wajen kashi 90 cikin 100 furoton ne, wato cibiyar zarrar haidurojin. Wajen kashi 9 cibiyar hiliyom. Ragowar masu nauyi ne, har da ƙarfe. Yadda aka tabbatar suna da caji ya shafe mu mu da ke nan. Wani ɗan Holan, Jacob Clay, ya auna a jirgin ruwa tsakanin Jawa da Turai a 1927, ya ga suna raguwa idan an kusanci tsakiyar duniya. Maganaɗisun duniya ne ke karkatar da su, kuma ya fi ƙarfin korarsu a yankin tsakiya, ya fi sakar musu hanya a doron arewa da na kudu. Haske ba ya karkata don maganaɗisu, mai caji ne ke karkata. Damagaram tana wajen digiri 14 arewa, kusa da inda wannan kariya ta fi kauri, don haka fitilarmu tana ƙifta ƙasa kaɗan da yadda za ta yi a Faransa a tudu irin namu.

Amma wadda ke kunna fitilar ba ita ce ta taso daga taurari ba. Furoton ɗin yana karo da iska can sama, wajen kilomita 15, ya tarwatsa cibiyar zarrar da ya buga, tarkacen su bugi wasu, abin ya zama yayyafin ƙwayoyi. Pierre Auger na Faransa ya nuna a 1938 cewa yayyafi guda yana iya rufe fili mai faɗin ɗaruruwan mita. Wadda ta fi isowa ƙasa ita ce muwon, da Carl Anderson da Seth Neddermeyer suka gano a 1936. Kusan 'yar'uwar elektaron ce, amma ta ninka shi nauyi sau 207, shi ya sa take ratsa bulo ba ta tsaya ba. Ga kuma abin da na fi son koyarwa a shekara duka: muwon ba ta rayuwa fiye da kashi 2.2 cikin miliyan na daƙiƙa a matsakaici. Ko da gudun haske take yi, mita 660 za ta ci a wannan ɗan lokaci. Ta yaya ta keto kilomita 15? Amsar tana cikin abin da Einstein ya rubuta a 1905: abin da ke gudu kusa da gudun haske, agogonsa yana tafiya a hankali idan mu muka auna. Da na sa 'yan aji su yi lissafin da kansu, fitilar tana ƙifta a gabansu, babu wanda ya tambaye ni ko zai fito a bak.

Inda suke tasowa shi ne abin da ya fi ba masana wuya, kuma na'urar jika 35 ba ta da ta cewa a nan ko kaɗan. Tunda suna da caji, maganaɗisun da ke tsakanin taurari yana ta murɗa hanyarsu, su yi miliyoyin shekaru suna gararamba a cikin gungun taurarinmu kafin su faɗo mana. Inda ƙwaya ta shigo ba ya nuna inda ta fito. Rana tana fitar da nata idan ta yi aman wuta, amma yawanci marasa ƙarfi ne, iska da maganaɗisu ke shanye su. Mafi yawan masu ƙarfin da ke haifar da muwon daga cikin gungunmu suke. Tun 1934 Walter Baade da Fritz Zwicky suka ce fashewar manyan taurari ce mafarinsu. A 1949 Enrico Fermi ya kawo hanyar da ƙwaya za ta dinga ƙara gudu idan tana karo da gizagizan maganaɗisu masu tafiya, daga baya aka gane cewa bakin igiyar fashewar tauraro ya fi ko'ina dacewa da wannan: ƙwaya ta tsallaka gaba, ta dawo baya, kowane zagaye da ƙarin ƙarfi, har ta kuɓuce. Shaidar da ta fi ƙarfi ta zo a 2013, lokacin da tauraron ɗan'adam mai sunan Fermi ya hango alamar karon furoton a ɓaraguzan taurari biyu da suka fashe, IC 443 da W44.

Sai kuma 'yan tsirarun da ƙarfinsu ya wuce abin da fashewar tauraro za ta iya bayarwa. Ranar 15 ga Oktoba 1991, a jihar Yuta ta Amurka, an kama ƙwaya guda mai ƙarfin wajen jul 50. Ka ɗaga tiyar gero sama da kanka, mita biyu, ka sake ta: ƙarfin da za ta bugi ƙasa da shi ke nan, a cikin abu guda da bai kai zarra girma ba. Masu ƙarfin da ya kusanci wannan, a fili mai murabba'in kilomita guda sai a yi ƙarni ba a ga fiye da ɗaya ba. Don a kama su aka shimfiɗa tankunan ruwa sama da 1,600 a fili mai murabba'in kilomita 3,000 a Malargüe ta Ajantina, aka sa wa wurin sunan Pierre Auger. A 2017 suka sanar cewa masu ƙarfi sosai sun fi zuwa daga wani ɓangare na sama da yake nesa da tsakiyar gungunmu, alamar daga wasu gungun taurari suke. A watan Satumba na 2017 ɗin, na'urar IceCube da ke binne cikin ƙanƙarar doron kudu ta kama wata ƙwaya mara caji, nutirino, wadda ba ta karkata, aka bi sawunta zuwa wani gungu mai nisa da ke da ƙaton baƙin rami a tsakiyarsa yana feso wuta. Masu binciken suna ganin irin waɗannan wurare na cikin mafarin.

Ko tarihin ƙasarmu yana cin moriyar waɗannan ƙwayoyin kosmik. Karon da suke yi da iska ne ke samar da kabon-14, wanda tsiro ke shaƙa, dabba da mutum su ci, bayan mutuwa ya dinga raguwa, rabi a duk shekara 5,730. Da shi aka auna shekarun kaburburan Gobero a Tenere, aka gano mutane sun zauna a bakin tafki a can shekara dubbai da suka wuce.

Na dawo kan kayan. Aibinta na farko rana ce. Bututun gilashin yana jin hasken rana mai ƙarfi idan ya shiga ta ramukan baya, sai ka ga lamba ta yi sama ba dalili. A garin da rana take kamar tamu wannan babban aibi ne, kuma takardar bayani ba ta ambace shi ba. Na naɗe bututun da baƙin salatif na masu gyaran wuta, matsalar ta wuce. Takardar kanta da Ingilishi da Sinanci take, babu Faransanci. Batiri yana kai kwana biyu idan an rage hasken allo, abin da ke da amfani ranar da aka ɗauke wuta, amma a zafin Afrilu kada ka bar ta a mota ko a bakin taga. Ƙurar hunturu tana shiga ramukan, don haka a leda nake ajiye su. Lambar mikrosibat (kashi ɗaya cikin dubu na milisibat) da take nunawa da manyan haruffa kada ka dogara da ita sosai: an daidaita ta ne da tururin sinadari guda, ga sauran kuwa kintace ne. Bugu a minti shi ne lambar gaskiya, shi ma sai ka bar ta minti goma ka raba, don na minti ɗaya yana hawa da sauka.

Wanda bai kamata ya saya ba shi ne ya fi yawa cikin masu tambayata. Akwai saƙon nan da ke dawowa a WhatsApp kusan duk shekara, wai daren yau daga 12:30 zuwa 3:30 hasken kosmik zai wuce kusa da duniya, a kashe salula a nisanta ta da jiki, wai NASA ce ta faɗa. Gwaggona ta kira ni a kansa cikin dare, muryarta na rawa, ta riga ta tattara wayoyin gidan ta kai zaure. Na ce, "Gwaggo, ki kwanta da kwanciyar hankali, wannan abin kullum yana sauka, dare da rana, kuma ba ruwansa da waya." Na bar na'urorin a kunne har asuba don in nuna mata, lissafin daren bai bambanta da na kowane dare ba. NASA ba ta fitar da wannan saƙo ba, kuma salula ba ta jawo muwon. Abin yana ƙona mini rai, don tsofaffi ne ke kwana cikin fargaba a kan ƙarya.

Sai 'yan'uwanmu da suka yi aiki a mahaƙar yuraniyom ta Arlit ko suke da iyali a can, masu son su auna ruwa, ko gero, ko ƙarfen da aka sayo. Damuwarsu ta gaskiya ce, kuma saboda haka nake faɗa musu kai tsaye: wannan na'urar za ta yi kuka idan ƙarfe ko dutse yana da tururi mai yawa, amma gilashinta ba ya barin ƙwayar alfa, wani nau'in tururin da yuraniyom ke fitarwa, ta shiga, ba ta auna iskar radon, gas mai tururi da ke tashi daga ƙasa mai yuraniyom, yadda ya kamata, kuma shirunta a kan kofin ruwa ba shaida ba ce cewa ruwan lafiya lau yake. Wannan aikin labo ne da kayan da suka fi nata nesa ba kusa ba.

Ga malamin da zai yi oda: ka tabbatar tana da ramin abin kunne, don akwai masu kama da ita da ba su da shi, kuma idan babu shi ba za ka iya haɗa biyu ba. Ka nemi a buɗe maka baya ka ga bututu da idonka; akwai masu arha da ake sayarwa da sunan Geiger alhali igiyar rediyo da ta wutar gida suke aunawa. Ka sayi biyun iri ɗaya don bututun su hau saiti idan an ɗora. Kafin ka biya, ka kunna su gefe da gefe a cikin shago minti biyar. Idan ɗaya ta tsaya a sifiri, ko ta ninka 'yar'uwarta, ka mayar masa ya sauya.